Gadon da muka samu a bakin zare

A Asata muka tashi, cikin Inugu, inda babanmu yake sayar da albasa a kasuwar Ogbete. Ban taɓa saninsa da baƙin gashi ba. Tari ne ya yi ajalinsa, busasshen tari marar majina, sai wana ya gaji rumfar.

Yaya bai kai talatin ba kansa ya yi fari fat. Matan Ibo masu saye suna ce masa Papa, shi kuma yana dariya. Daga nan farcensa suka fara tsagewa. Wata rana da hantsi ya ɗaga buhu, ya sauke, ya zauna a kai yana haki. Da na ji ya yi tari, sai na gane shi, irin na babanmu ne.

Likitar da muka gani a babban asibiti ta yi bautar ƙasa a Katsina, tana jin Hausa. Ta dubi kansa da hannuwansa, ta tambayi abin da ya kashe babanmu. Aka aika jininsa ƙasar waje, muka yi ta jira.

Ranar da sakamako ya zo ta ce, "A cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai zaren DNA a naɗe, shi ake gada daga iyaye. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafe zaren, kowane sashe da lokacinsa. Bakin zaren a ƙudundune yake, kamar kalmasar zane, kuma duk kwafi sai ya ɗan ragu. Naka da ma gajere aka ba ka. Shi ya sa huhunka ya kasa sabunta kansa."

Yaya ya ce, "Ƙannena fa?"

Ta ce, "Wani ya gada, wani bai gada ba. Sai an gwada."

Muka kamo hanyar gida. Da muka sauka daga mota ya dafa kafaɗata, ba don zumunci ba, don ya samu ya ƙarasa gida. Ya rasu da damina, a jingine da bango, domin kwanciya ta gagare shi.

Yanzu idan ina hawa bene nakan tsaya in saurari numfashina. Wani lokaci a masallaci wani ya yi tari a sahun baya, in rasa ayar da liman yake kai.

Ƙanwarmu da ke aure a Fatakwal ta je an gwada ta, nata lafiya lau. Ta kira ni tana kuka, tana cewa, "Yaya, ka yafe mini." Na ce mata babu abin yafewa, ta gode wa Allah. Ta tambaye ni yaushe zan je nawa. Na ce sai bayan salla.