Babur a Cikin Kwanonin Jerena

Marka ce, tsakiyar damina, shekara ta biyu bayan farin da ya kashe wa mutanen Ruma shanu. Ruwa ya dawo kamar mai ba da haƙuri. Gero ya yi duhu har ba ka hango jaki a gona, kuɗi kuma ya shigo hannun ma'aikata yadda ba mu saba gani ba. Aka ce albarkar man fetur ce. Mu dai abin da muka gani a Batsari babura ne. Malamin makaranta, malamin gona, duba-gari, kowa ya jingine kekensa ya hau ƙirar Japan, ja ko shuɗi, yana firgita kaji a hanya.

Maigidana gyaran keke yake yi a bakin kasuwa. Da ya ga kekuna na raguwa, sai ya sayi wani mataccen babur wurin malamin gona, babur ɗin ya faɗa rafi ne ya kwana biyu a laka. Ya ce a kansa zai koyi sana'ar. Tun bazara ya turo shi gida, ya shimfiɗa buhu a rumfa ya kwance shi ɗaiɗai. Da na ga kaji suna zagaya ƙananan notuna, sai na sauko da kwanonin jerena na ce ya zuba a ciki. Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, hannuna na ƙaiƙayin rubutu. Duk abin da ya cire, in tambaye shi daga ina ya fito, in rubuta a 'yar takarda in jefa a kwanon: na kafireta, na gefen sarƙa, na ƙarƙashin tanki. Yana ta yi mini dariya, wai na sa babur a aji. Daga nan aikin gona ya taso, kwanoni suka koma ƙarƙashin gado, gangar jikin babur ta zama wurin shanya zane.

Ranar wata Talata da la'asar ina tankaɗe, maƙwabciyata mai sayar da daddawa ta shigo, ƙafafunta duk laka. Daga Safana take.

"Albishirinki!"

"Goro."

"Ɗiyarki ta sauka jiya da hantsi. Namiji."

'Yar farina ce, ko sunanta ban taɓa kira ba. Tana auren wani malamin makaranta da aka tura Safana, suna gidan haya, uwarsa kuma ta rasu. An shirya za ta zo gida ta haihu a watan gobe, sai abin ya riga mu.

Ban ɗaga kai daga rariya ba. Na ce, "To, Allah ya raya."

"Ji ta! Sai ka ce an ce mata akuyar maƙwabta ta haihu." Ta zauna kan turmi tana sosa ƙafa. "Matar mai gidan ce ke ɗora mata ruwa. Ita ma yarinya ce, ruwan ko ɗumi bai gama yi ba take saukewa. Motar kasuwa kuwa sau biyu muka kafe, direba ya rantse ba ya komawa sai ruwa ya ɗauke."

Garin da na tankaɗe ranar sai da na sake shi. Mai jego a marka, babu ruwan zafi na kirki, babu kunun kanwa, ai sanyi ne zai shige ta ya zauna. Amma ina ni ina buɗe baki in ce wa Malam maigidana ya kai ni wurin 'yar fari? Shi ma an gaya masa a masallaci. Ya ci tuwonsa, ya yi maganar tsadar taki, ya tashi.

Washegari na jawo kwanonin nan na jera masa a rumfa.

"Malam, kwanonina nake so. Ƙarfenka na sa musu tsatsa."

Ya dube su, ya dube ni. "Ai kuwa ni ma ina da niyyar leƙa Safana. An ce akwai mai sayar da tayar keke da araha."

"Allah ya sa a dace."

Ranar bai je kasuwa ba. Ya wanke komai da kananzir, ya kifa tanki a rana, tsatsa na zubowa kamar garin barkono. Inda ya manta, sai ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Malama, mi takardarki ta ce?" In karanta masa a hankali, ina bin baƙaƙen da yatsa. Kwano bayan kwano suka zama wayam. Zuwa azahar ɗin Alhamis babur ya tsaya da ƙafafunsa. Ya buga, ya buga, har rigarsa ta jiƙe, ko tari bai yi ba. Ya cire fulogi ya riƙe don ya ga ko akwai wuta, ya ce in taka masa. Na taka. Ya yi tsalle yana salati yana yarfe hannu. Wuta kam akwai.

Ashe mai ne ba ya wucewa. A cikin kafireta akwai wani ɗan ƙarfe, bai kai ƙwayar masara ba, mai rami a tsakiya, ramin ya toshe da wani kore-kore. Ya karɓi allurata, sai kuma ya fasa. Ya ce wani makanike a Katsina ya gargaɗe shi, allura na buɗa ramin, babur ya riƙa shan mai kamar raƙumi. Na karɓi ɗan ƙarfen na juya shi a tafin hannuna.

"Wannan ai tagulla ce. Irin tasar Innarmu."

"To?"

"To ka ba ni."

Na jiƙa tsamiya mai kauri na tsoma shi, na je na yi sallah na dawo. Na murza da toka mai laushi, na zura silin tsintsiya, na hura. Da na ɗaga shi sama sai ga rana ta cikin ramin. Malam ya karɓa ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah, kayan kunu."

Saura abu ɗaya. Takardar da ke tsakanin kafireta da inji ta ruɓe, ga shi ba a samun ta sai Katsina. Ya ce kwali mai ƙwari zai yi. Na duba gidan nan kaf, babu mai ƙwarin bangon littafin karatuna. Na yage na miƙa masa.

"Malamarku za ta yi faɗa."

"Karatun yana ciki, ba a bango yake ba."

Ya ɗora bangon a bakin ƙarfen yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma har siffar ta fito, na bi da almakashi.

Bayan an sauko daga Juma'a ya buga sau uku. A na huɗu babur ya yi atishawa, ya feso busasshiyar laka ta salansa, ya kama. Hayaƙi ya cika gida, awaki suka tsinke igiya. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga tana guɗa. Ni dai na tattara kwanonina na tafi wanke-wanke.

Da na dawo na tarar yana ɗaure wani guntun katako da noti a gefen hagu, ƙasa-ƙasa, ya kuma naɗe matashin audugarsa a kan kariya, wurin ɗora kaya na baya, da tsohuwar roba.

"Wannan fa?"

"Na buhun taya ne."

"Buhu na da ƙafa?"

"Wani buhun yana da ita. Ki shirya da sassafe, kada in tafi ba mai riƙe mini kaya."

Asabar na hau babur karo na farko a rayuwata, a karkace, ƙafafuna kan katakon, ƙunshin gero da kanwa da kayan yaji a cinyata. Duk rafin da muka iso sai mu sauka, ya tura, ni ina biye da takalma a hannu. Kusa da Runka sarƙa ta zame, muka zauna gindin marke ya mayar. Maganar taya ba wanda ya sake ta da ita.

Da la'asar muka shiga Safana. Surukinmu ya cire takalmi ya durƙusa tun daga nesa, Malam ya tsaya a zaure suna gaisawa kowa na kallon ƙasa. Na shiga ɗaki. Tana zaune a bakin gado, ta ɗashe, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce, "Inna." Ban dube ta sosai ba, jaririn na ɗauka.

"Wannan ne mijin nawa? Kai, mummuna! Don kai na sha laka tun daga Batsari?"

Ta yi dariya tana share ido da bakin zane. Na taɓa bayan wuyanta kamar ina gyara mata ɗankwali, na ji sanyi.

Washegari ana idar da asuba na ari babbar tukunyar mai gidan, na haɗa murhu a bayan ɗaki, na sa Malam ya saro mini ganyen runhu. Na tsaya a kan ruwan har ya tafasa ya yi ta juyi, na dama kunun kanwa na rufe, sannan na ɗaga labule na ce, "Ke, taso."