Na Ɗauka Fad Ne Ya Lalace

Assalamu alaikum 'yan'uwa 'yan gem. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a nan. Masu cewa tsoron Bukar ne ya sa na gudu, Allah ya shirye ku. Jinya na yi.

Ga waɗanda ba su san mu ba, duk yammacin Asabar mukan haɗu a wani shagon gem a nan Haɗejia mu buga ƙwallo a talabijin. Dokarmu ɗaya ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu. Kuma kun san halinmu, ba a taɓa cin ɗan gem da gaskiya ba, kullum fad ne ba shi da kyau.

Bukar Babarbare ne daga Kirikasamma, ni kuwa Bafulatani, shekara goma sha ɗaya muna zolayar juna a gaban talabijin ɗin nan.

Bayan ambaliyar bara na yi gudawa ta kwana uku, ta wuce, na manta. Bayan sati biyu sai na ji yatsuna suna zugi kamar na kwanta a kansu. In na danna, ɗan wasana ba ya bugawa. Na ce fad ne. Aka yi min ihu, aka canza min. Na sake cewa fad ne. Wallahi har sabo na saya da kuɗina.

Ranar da Bukar ya zura min shida, bai yi dariya ba. Ya ajiye nasa fad ɗin ya ce, "Kai Bafulatani, matse min hannu."

Na matse iya ƙarfina.

Ya ce, "Matse mana." Nan na gane ko jin matsar bai yi ba.

Washegari silifa ya riƙa zame min ban sani ba. Kwana biyu bayan nan sai da aka ɗauke ni zuwa mota. Daga asibitinmu aka tura mu Kano.

An ɗebi jini, an ɗebi ruwa a ƙashin bayana, an sa min wayoyi ana ja na da lantarki don a ga ko jijiyoyi na amsawa. Likita ya ce, "Garkuwar jikinka ce ta rikice bayan gudawar nan, take yaƙar jijiyoyinka. Abin da muke tsoro shi ne ya hau ƙirji."

Kullum safe da yamma nas za ta ce in ja numfashi ɗaya in yi ƙirga. Ranar farko na kai talatin. Rana ta huɗu sha huɗu. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba. Maganin kuwa sai da shinkafar fadamarmu ta bara ta tafi gaba ɗaya.

Allah ya taƙaita, bai kama ƙirjin ba. Amma na dawo gida ko cokali ba na iya riƙewa. Inna, mahaifiyata, ita ke ba ni fura a baki, ni mai 'ya'ya biyu. Na tambayi likita ko hannun zai dawo, ya ce, "Yawanci yana dawowa, amma ba zan yi maka alkawarin ko kashi nawa zai dawo ba."

Kada ku yi min dariya: ba cokalin ya fi damuna ba.

Malamar gashin ƙashi ce ta gane. Ta ga na gaji da matsa ƙwallon roba, ta ce, "Me ka fi son yi da hannun nan?" Na faɗa mata cikin kunya cewa gem ne. Ta ce, "To a kawo fad ɗin. Minti ashirin kullum."

Ku ji ikon Allah. Innar da ta shekara ashirin tana cewa, "Ƙato da kai, kana wasan yara," ita ce ta koma leƙo ɗaki bayan la'asar tana cewa, "Yau ba ka yi danne-dannen naka ba. Tashi!"

Bukar ya riƙa zuwa duk Asabar a kan babur. Da farko sai ya ɗora min fad a cinya, ya jera min yatsu a kai. Bayan wata biyu na ci shi ɗaya da nema. Na ci shi kuma. A karo na uku na lura golansa yana fita yawo ba dalili.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Bukar, sadaka kake ba ni?"

Idonsa ya kawo ruwa. Na ce, "In kana bar min, ta ina zan san na warke? Don Allah ka ci ni."

Ya share ido ya ce, "To shi ke nan, kai ka nema." Ya zura min tara, mugun.

Shawarata gare ku: in hannu ko ƙafa ya fara zugi ko mutuwa, musamman bayan gudawa ko zazzaɓi, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya shafe-shafe. A damina a tafasa ruwan sha. In an rubuta muku gashi, ku je ko kun gaji. Kuma ku riƙa kallon abokin wasanku, ba allo kawai ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da malamar gashi, da matata da ta yi sati biyar a kan tabarmar asibiti, da Inna, da ku masu addu'a.

Har yanzu ina tafiya da sanda, ƙaramin yatsana na hagu kuma bai gama farkawa ba. Jiya Bukar ya ci ni huɗu da ɗaya. Bayan wasan na riƙe shi na ce ya rantse a kan ɗayar nan.

Ya ce, "Wallahi tallahi na tare, ta wuce."

Na sa fuskata a cikin hannuwana na yi kuka, Inna kuma tana tsakar gida tana tambayar wa ya ci.