Ruwan Dashen Tsamiya

Sabuwar motata Fijo, wadda ma'aikata ke yayi bana, ta yi zafi a hanyar Kwadon, daidai tsohon kurmin da mutanen gari ke aikin gayyar farfaɗo da shi don tsuntsaye su dawo. Wata tsohuwa tana haurowa daga rafi, tulu a ka, zani jiƙe, dugadugai duk faso. Dashen tsamiya na jiranta cikin rana. Wataƙila nan ta yi kiwo tana yarinya.

"Inna, a taimaka da ruwa."

Ta sauke tulun, ta miƙo da hannu biyu. "Sha, ɗana."

Na juye shi kaf a lagireto. Ta dubi dashen, ta ɗauki tulunta, ta sake gangarawa rafi. Mota ta huce, ni kuwa na kasa ɗaga ido.