Turaren Juma'a a Dajin Sangha

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Kilomita Biyar, ni da aminina na kasuwa da ɗansa mai tuƙi. Idon aminin nawa ya fara mutuwa, likita ya ce ganin ba zai daɗe ba. Burinsa ɗaya, ya ga giwa da rai kafin duhu ya rufe.

Hanya lafiya lau har Mbaiki, daga nan sai jar laka da motocin katako. A Boda mun ci gozo, wato tuwon rogo, da bandar kifi. Mai abincin na ganin hulunanmu ta tsuga kuɗi. Daga Nola muka hau kwale-kwale mai inji, muka bi kogin Sangha. Kurmi ya rufe gaɓa, aku na tsallakawa garke-garke, birai na leƙenmu. Aminina sai tambaya yake, "Ina? Ina?"

Ranar shiga daji ta faɗo Juma'a. Jagoranmu, haifaffen dajin, ya ce kada kowa ya sa abu mai ƙamshi. Na ji shi sarai. Amma tun ina saurayi Juma'a ba ta taɓa wuce ni babu turare ba, sai na ɗan shafa a gemu. Na ce ai kaɗan ne.

Muna dab da filin da giwaye ke lasar gishiri iska ta juya. Wata uwa ta ɗaga hanci ta yi ƙara, duk suka shige kurmi. Aminina bai ga ko wutsiya ba.

Jagoran ya sunsuna ni, ya ce cikin harshen Sango, "Baba, biki ka zo?"

Aminina ya ce, "Alhaji, da kwalbar nan za a binne ka?" Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Na sauka rafi na dirje gemu da laka, na ari rigar jagoran wadda ko cibiya ba ta rufe mini ba. Washegari muka koma, muka zauna shiru bisa dandamalin katako. Can wani toron giwa ya fito, ya yi ta matsowa har aminina ya daina tambaya.

"Na gan shi," ya ce a hankali. "Ashe ja ne."

Jar laka ce a jikin toron. Ba wanda ya gyara masa.

Mun dawo gida, titin Koudoukou, cikin hayaniyar babura. Na tsufa ina jin gargaɗi ina cewa ai kaɗan ne, sai a wannan tafiya na ga abin da kaɗan ɗin ke iya hana wani. Yanzu aminina ba ya gane fuska. In ya zauna ƙofar shago ya ce giwa ja ce, yara suka musa, ni yake kira shaida, ni kuma in ce ƙwarai.