Ashirin ɗin da Baba yake cirewa

Baba mai gyaran sikeli ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, ɗan tsukuku, in ya buɗe hannuwansa sai ya taɓa bangon nan da na can. Shekara talatin da huɗu ke nan mahauta da masu hatsi da masu sayar da ƙusa suna kawo masa sikelinsu. Ba ya tambayar mai kaya abin da ya lalace. Akwatin katako yake buɗewa, ya ɗauko ƙarfen awo mai kilo ɗaya da ya gada daga ubangidansa, ya ɗora, ya sunkuya ya dubi allura. In sikeli yana ƙari kuma babu kayan gyara a ranar, sai ya manna masa 'yar takarda a gefe: "A cire giram hamsin." A wurin Baba, ma'auni maƙaryaci ne har sai an gwada shi.

Bara wansa, Baffa, ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Da muka dawo daga dubiya Baba bai ci abinci ba. Washegari da kansa ya je asibiti, aka ce shi ma yana da hawan jini. Likita ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce a riƙa auna jinin a gida ana rubutawa. Ni ce autarsa, ni kaɗai na rage a gidan, don haka ni na sayo injin awon, irin wanda ake ɗaurawa a damtse ya kumbura.

Umma ta ɗauki nata yaƙin a madafi. Ta mayar da gwangwanin gishiri saman kabad, ta raba dunƙulen magi gida biyu, ta daina soya masa nama.

"Wannan miya ce ko ruwan ɗauraye tukunya?" in ji Baba.

"Ci kawai, Malam. Gishirinka na duniya ka riga ka cinye shi tun kana saurayi."

Abin da bai yi wa gardama ba shi ne littafin. Ya sa rula ya ja layuka, ga kwanan wata, ga safe, ga yamma, ga lambar sama da ta ƙasa, da rubutunsa mai kyau kamar na ɗab'i. Wata uku lambar sama tana yawo tsakanin ɗari da talatin da ɗari da arba'in. Likita ya yaba, ya mayar da shi rabin ƙwaya, ya ce in aka ci gaba a haka zai duba ko a sake ragewa. Baba ya dawo gida yana taku kamar wanda ya ci jarrabawa.

Bayan mako uku ya fara murza ƙeyarsa. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya runtse ido. Umma ta tambaya, ya ce zafin rana ne.

Ranar wata Asabar da safe na kawo masa ruwan shan magani, na tsaya a bayansa ina jiran injin ya saki damtsensa. Ya nuna ɗari da sittin da biyu. Baba ya ɗauki biro, a natse, ya rubuta ɗari da arba'in da biyu.

Na ɗauka idona ne. Da ya miƙe na juya injin. A ƙarƙashinsa ga 'yar takarda a manne: "A cire ashirin."

"Baba, wannan fa?"

"Au, injinki ƙari yake yi, Auta. Ban so in faɗa miki ba kada ki ji haushin kyautarki. Makon farko na auna a nan da safe ya ba ni ɗari da saba'in. Ranar na je asibiti, nasu ya ba ni ɗari da hamsin. Nasu babba ne, shi za a bi. Sai na daidaita shi."

Ya shanye rabin ƙwayarsa, ya sa hula, ya fita.

Ban taɓa ce wa Baba ya yi kuskure ba, balle a kan awo. Na zauna da injin a cinyata, na danna maɓallin da yake nuna awon baya. Ɗari da hamsin da takwas. Ɗari da sittin da biyar. Ɗari da saba'in da ɗaya. Tun da aka rage maganin suke hawa. Ranar Alhamis zai koma wurin likita da wannan littafi mai tsabta, kuma likita littafin zai duba. Na tuna bakin Baffa da ya karkace, da yadda ake ɗura masa ruwa da cokali.

Na faɗa wa Umma. Ta ajiye ludayi, ta daɗe tana kallon saman kabad.

"Ashe duk wannan abinci salam da nake ba shi..." Ta share ido da bakin mayafi. "Ke kika yi karatu, ke za ki faɗa masa. In ni ce, cewa zai yi mita."

Kwana huɗu ina haɗa maganar tana warwarewa. Duk sanda ya yi tari a ɗakinsa sai in tashi in leƙa. Ranar Laraba da hantsi na kai masa abinci shago, na samu wani mahauci da sikeli biyu yana rantsuwa sun saɓa wa juna.

"Da me ka gwada su?" in ji Baba.

"Wannan na ɗora masa cinya, wancan haƙarƙari."

"Ji mutum! To da me za su yi daidai? Kaya ɗaya ake ɗora wa duka biyun, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya." Ya juya zai ɗauko ƙarfensa, sukuddireba ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya, ya dafa tebur, ya daɗe bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, ranar da ka gwada injina, a gida ka auna kafin ka sha magani. A asibiti kuma ka sha, ka zauna awa biyu a benci kana jiran layi."

"To? Ai duk jinina ne."

"Amma ba kaya ɗaya ba ne, Baba."

Mahauci ya fashe da dariya. "Mai Sikeli, yau dai an ɗora ka a kan faranti!"

Baba bai yi dariya ba. Ya juya ƙarfen kilo ɗayan a tafin hannunsa, ya sake juyawa. Na ƙura wa ƙasa ido.

"Gobe ki ɗauko shi," ya ce. "Mu je da shi."

A asibiti shi ya yi wa nas bayani da kansa, har da yadda za ta yi gwajin: hannu ɗaya, kujera ɗaya, kada ya motsa. Ta ce, "To, Baba, yau kai ne malaminmu." Nasu ya ba da ɗari da sittin da huɗu. Aka jira minti biyu. Nawa ya ba da ɗari da sittin da ɗaya.

Likita ya buɗe littafin yana bin shafukan, sannan ya danna maɓallin injin ya bi nasa lambobin. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da ƙwayar cikakkiya, ya tura Baba a ɗebi jininsa da fitsarinsa a duba ƙoda, don jinin ya daɗe a sama ba a sani ba. Ya ce in ya ji hannu ko harshe ya yi masa nauyi, kada a jira komai, a taho.

A kan bencin ɗakin gwaji Baba ya sa farce ya ɓamɓare takardar, ya dunƙule ta a aljihu.

"Shekara talatin da huɗu," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Kada ki faɗa wa mahaucin nan."

Yau da safe injin ya nuna ɗari da hamsin da takwas. Na ga biron ya tsaya a kan takarda. Sannan ya rubuta ɗari da hamsin da takwas, ya juyo mini da littafin in gani. Sakamakon ƙodar sai Litinin. Umma tana madafi, ina jin tana tambayar kanta ko dunƙulen ma ta daina sawa gaba ɗaya.