Amsar da Aka Bayar Gaban Mutane

Me ya hana mijina Malam sakina ranar da jandarmomi suka tafi da ni? Na gama takaba ban samu amsa ba. Ɗiyata ke rubuta wannan, ni ban yi lakwal ba balle in iya rubutu, kuma ina faɗi ina kuka.

Da can man gyaɗa nake tatsa a Hawandawaki, in kai kasuwar Tessaoua. Wata rana wani mutum mai tsabtar riga ya ce in tara masa nimeron wayar mata, za a riƙa sanar da su taimakon taki. Ya ba ni turmin zane.

Gidajen suna na riƙa bi. In na ce, “Ɗiyata, ba ni nimeronki,” wace ce za ta hana tsohuwa gaban mutane? Kara ce kawai, ni kuwa na ɗauke ta yarda. Sai saƙo ya fara zuwa wayoyinsu: a aika kuɗin rajista kafin taki ya iso. Na gane ƙarya ce tun da wuri, amma na ci gaba, don zane na biyu ya zo. Maƙwabciyata Hajo akuyarta ta sayar ta aika.

Mutumin ya ɓace, ni aka kai gidan kaso. Malam yana zuwa da fura cikin amalanke, bai taɓa cewa “kin gani” ba. Da na fito, ko kwalba ɗaya ba mai saye wurina. Na daina fita.

Ɗiyata ce ta ɗauki sana'ar. Tana sanar da masu saye ta waya, na Maradi da Yamai kuma ta imel. Ta zauna kusa da tabarmar Malam, lokacin ciwo ya kwantar da shi, ta ce, “Inna, hanya biyu ce. Ko duk wanda ya ba ni adireshinsa in sa shi cikin jerin masu saye nan take, ko in aika masa tambaya, sai ya amsa da kansa sannan ya shiga.”

Na ce, “Ta biyun.”

“Inna, da yawa za su zame!”

“Wanda ya zame dama kunyarki ya ji.”

Ta yi gunaguni, amma ta bi. Da yawa sun zame ɗin. Ni Hajo nake tunani, don na ji ɗiyata ta aika mata tambayar ba tare da ta shawarce ni ba. Kwanaki shiru. Sai wata la'asar murya ta shigo wayar: “Ki ce wa uwarki na yarda. Wannan karon a ɗakina aka tambaye ni, ba wanda ke kallona. Kuma man ya zama bai ƙone ba, na san hannunta!”

Na gode wa Allah, na gode wa Hajo, na gode wa wanda ya jira ni.

Yara, in kuna tara sunayen mutane don kasuwa, kada ku riƙe “to” ɗin da aka faɗa a tsaye. Ku sake tambaya inda mutum zai iya ƙi.

Malam ya ji muryar Hajo duka. Ya nemi hannuna, ya faɗi maganarsa ta ƙarshe a duniya:

“Ranar kasuwa ki tafi da kanki. Kada ki rufe fuska.”