Tankin da Bai Cika Ba

Ni ba malami ba ne. Bokona bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na tsinta a wurin aiki. Amma na daɗe ina aiki a wata makarantar koyon fasaha da ke wajenmu na Kaura Namoda, kuma aikina shi ne riƙe makullin ɗakin kwamfuta. In buɗe, in share, in rufe.

Wanda na gada a aikin, korarsa aka yi. Ya bar ɗalibai sun shiga wata rana, wutar lantarki ta zo da ƙarfi, wasu kwamfutoci suka ƙone, aka ce laifinsa ne. Daga baya na gan shi yana sayar da rake a bakin tasha, ya kawar da kai don kada mu gaisa. Tun daga ranar na ƙudurta a raina babu abin da zai lalace a hannuna. Na sa matata ta ɗinka wa kowace kwamfuta riga da tsofaffin zannuwanta. Kullum da safe sai in ɗaga, in goge, in mayar. Idan baƙi suka zo aka buɗe musu ɗakin, sai ka ji suna cewa, kai, kamar jiya aka sauke su daga mota. Wannan yabon yana min daɗi ƙwarai.

'Yan ajin farko na injiniya suna da darasin koyon rubuta wa kwamfuta umarni, abin da suke kira furogiram. Malaminsu mutumin kirki ne, amma a Gusau iyalinsa suke, kuma lokacin hanya ta fara lalacewa da 'yan bindiga. Sai a jima ba a gan shi ba. Ranar da ya zo, babu wuta, babu man janareto, sai ya tsaya a gaban allo ya yi ta rubutu da alli, su kuma su kwafa. Ranar da wuta ta zo, shi ba ya nan. Ya taɓa ce min yana sauri zai shiga mota, "Baba, in an kawo wuta ka buɗe musu su gwada." Na ce to, amma ya rubuto min a takarda da sa hannun shugaba. Ya ce zai kawo. Ya manta, ni kuma ban tuna masa ba.

A cikin ɗaliban akwai wani saurayi ɗan Dauran, can ƙasar Zurmi. Mahaifinsa manomin gero ne, mun san juna tun muna samari. Shi da kansa ya kawo shi, ya kama hannunsa ya sa a nawa, ya ce, "Ga ɗanka nan, ni nawa ya ƙare." Shi kaɗai ne a gidansu ya kai nan a karatu. A shekararsa ta farko ya faɗi wannan darasi, aka ba shi damar maimaitawa. In ya sake faɗuwa, sallama ce. Ni na san haka, shi ma ya sani.

Ba shi da kwamfuta, wayarsa kuma ƙarama ce mai tocila. A takarda yake rubuta furogiram ɗinsa, ya zo ya zauna kusa da bencina a inuwar darbejiya yana bi da yatsa layi-layi. Wata rana na tambaye shi me yake ta ƙulla wa haka.

Ya ce, "Tanki ne, Baba. Ina gaya wa kwamfuta ta zuba bokiti guda, ta duba ko ya cika. In bai cika ba ta ƙara. In ya cika ta tsaya, ta faɗi bokiti nawa ta zuba."

Na ce, "Wanga ai ko ɗiyata ƙarama ta iya shi, ba ta je boko ba."

Ya yi dariya. "Ita ɗiyarka tana da hankali. Wagga aba ba ta da shi. Abin da ka faɗa mata shi za ta yi, ko da shirme ne. Shi ya sa sai an gwada."

Muna cikin magana fankar ofishin da ke kusa ta fara juyawa. An kawo wuta. Ya miƙe tsaye, ya dubi aljihuna inda makullin yake.

"Baba, don Allah. Guda ɗaya kawai za ka buɗe min. Kana tsaye a kaina. In buga, in gani, in fito."

"Malaminku bai kawo takarda ba."

"Ai ya faɗa maka da baki, muna wurin."

"Baki ba shi tsayawa gaban kwamiti, ɗana."

Ya roƙe ni har na ji kunya, sai na koma yi masa nasiha. Na ce mu da muka yi karatun allo, rubutawa muke yi, mu haddace, mu wanke, kuma har yau yana nan a kanmu. Ya haddace abinsa tsaf, ranar jarrabawa ya zuba musu. Har zuciyata haka na ɗauka karatu yake, kowane iri. Ya tsaya yana kallona, sa'an nan ya ce, "To, Baba," ya naɗe takardunsa ya tafi. Bayan nan ya sake tambayata wasu lokuta, amma da sanyin murya, kamar mai gaisuwa. Daga baya ya daina.

Ya kuwa haddace. Har yakan karanta min da ka, yana rausaya kai don ya ba ni dariya.

Jarrabawar ƙarshe a kan kwamfuta ake yinta. Aka samo mai, aka tayar da janareto, malamin ya zo tare da wani baƙon malami mai sa ido. Ni na cire rigunan da hannuna, na ninke. Ɗalibai suka shigo a ɗarare, wasu har suna goge hannu a riga kafin su taɓa. Na tsaya a bakin ƙofa, ina hango ɗan Dauran daga baya. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar hatsi a ƙasa. Lokaci ya yi nisa kafin ya gama. Da ya gama ya waiwayo ya dube ni, ya danna.

Rubutu ya fara fitowa a fuskar kwamfutar. Layi ɗaya, sai irinsa, sai irinsa, yana gangarowa da gudu. Ni na ɗauka aiki ne ya yi kyau, har na ce alhamdulillahi. Amma abin bai tsaya ba. Ya danna nan, ya danna can, rubutun yana ta zuba. Bai ma san yadda ake tsayar da ita ba. Ya ɗaga hannu. Baƙon malamin ya zo ya leƙa, ya danna wani abu, ta tsaya.

Ya ce, "Kai, ba ka taɓa gwada wannan ba ne?"

Ya ce, "Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Duk zangon nan? Ga ɗaki cike da kwamfuta?"

Na jira ya nuna ni. Bai nuna ni ba. Ya sunkuyar da kai yana duba layukan, yana neman inda ɓarnar take, har aka ce lokaci ya cika. Ni kuma ina tsaye da ninkakkun zannuwa a hannu. Da suka fita na mayar wa kowace rigarta, na kulle.

Ba shi kaɗai ya faɗi ba, amma shi ne ba shi da sauran dama. Ya zo ya yi min sallama da jakarsa a kafaɗa. Mahaifinsa bai taɓa tambayata yadda aka yi ba, har ya rasu.

Kafin in yi ritaya aka yi sabon shugaba, ya ce a kunna kwamfutocin duka a gani. Da yawa ba su tashi ba. Masu gyara suka buɗe, suka tarar ɓeraye sun cinye wayoyin ciki, wata ma har sun haihu a cikinta, a ƙarƙashin zanen matata. Wasu kuma, in ji su, zaman banza ne ya kashe su. Ba wanda ya ce laifina ne. A wurin bikin sallamata har aka ce ban taɓa ɓatar da ko ƙusa ba.

Bara na je garin Kasuwar Daji ta'aziyya. Da zan dawo na tsaya neman ɗan acaba, sai wani ya faka a gabana ya cire ƙyallen da ya rufe hancinsa. Shi ne. Ya yi gemu, ya yi baƙi. Ya ce mutanensu sun tashi daga gona saboda ɓarayin daji, yanzu da wannan mashin ɗin yake ciyar da uwarsa da ƙannensa. Ya gaishe ni kamar babu komai, ya ce in hau.

Muna tafe, iska tana kwashe rabin maganarsa, ya ce, "Baba, ka tuna tankin nan? Ai na gano shi. A kan wagga hanya na gano, ina ɗauke da buhun masara. Na ce ta zuba bokiti, amma ban ce ta haɗa da wanda ta zuba can baya ba. Kullum in ta duba, bokiti guda take gani. Shi ya sa ta ƙi tsayawa. Layi ɗaya ne, Baba. Da na ga ta yi haka ko sau ɗaya kafin ranar, da na gyara."

Ba da zafi ya faɗa ba. Muka wuce gonakin da babu kowa a cikinsu, ya ƙara wuta saboda wurin ba a tsayawa.

Da muka iso gari na sauka, na ce, "To yanzu da ka gyara, zai yi?"

Ya ce, "A cikin kaina dai yana yi. Amma wancan na jarrabawa ma a cikin kaina yana yi."

Na ce ko zan yi wa wani magana a makarantar, a bar shi ya shiga ya gwada. Ya yi murmushi, ya ce, "Su waye za su buɗe wa ɗan acaba, Baba? Kai ma makullin ba shi hannunka." Wata mata ta ɗaga masa hannu daga tsallaken titi. Ya mayar da ƙyallensa a hanci, ya ce in gaida gida, ya juya.